Inna Dije Ba Ta Kwanciya

Duk shekara sai an turo mini ku daga makarantar koyon aikin lafiya, da fararen kaya masu ƙamshin guga, kuma duk shekara magana ɗaya nake ji. Jiya ma na ji ta ina bayan labule ina wanke hannu. Wata daga cikinku ta ce wa ƙawarta, "Ni dai Allah Ya sa a haɗa ni da Malama Kulu zagayen gida-gida. Can babu karɓar haihuwa, babu ɗinki, zama ne kawai da fifita." Ba zan faɗi sunanta ba, ta san kanta.

To, gaskiya ne, ba ma warkarwa. Mutanen da nake bi gida-gida a ƙasar Batsari da Safana likita ya riga ya gama magana a kansu. Huhunsu ya ƙare, babu ƙwaya ko allurar da za ta maido shi. Yawancinsu mata ne da suka tsufa a bakin murhu cikin madafin da ba shi da taga, sai maza masu shan taba, da maƙera, da mahaƙa rijiya, da waɗanda tarin fuka ya warke amma ya bar musu huhu kamar tsohuwar rariya. Abin da ya rage mana shi ne mutum ya yi sauran kwanansa ba cikin firgici ba, ya cika a ɗakinsa da mutuncinsa. Wanda bai taɓa zama kusa da mai neman iska ba, gani yake wannan ƙaramin aiki ne.

Ranar da na fara aiki a Safana ƙarƙashin Gwaggo Rabi, ni ma da irin bakinku na je. Tsohuwar nas ce da ta daɗe a ɗakin masu tari, gajeriya, ba ta dariya sai an ci sa'a. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ba ni in riƙe ba. Ta zare hanjin biro ta miƙo mini bututun, ta ce in sa a baki in riƙa numfashi ta cikinsa, in toshe hanci da hannu ɗaya, in share mata tsakar asibiti da ɗayan. Ban kai bakin rijiya ba na tofar da abin na jefar da tsintsiya, idona ya yi ja, ƙirjina kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ta ce, "Ke kin tofar da naki. Su nasu ba ya tofuwa. Da shi suke alwala, da shi suke cin tuwo, da shi suke barci. Ɗauki tsintsiyar." Sai da na share wurin nan tas, ina hawaye ina zaginta a zuci. Allah Ya jiƙan Gwaggo Rabi.

Jakata kun gan ta, ba ta da nauyi. Akwai ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa ya nuna yawan iskar da ke cikin jini. Akwai maganin shaƙa, da gorar roba da nake huda gindinta in sa bakin maganin a ciki, domin tsohon da hannunsa ke rawa ba zai iya matsawa da zuƙa lokaci guda ba. Akwai ruwan mofin, maganin kashe zafin ciwo da likita ke rubuto mana daga Katsina, ɗan kaɗan yana kwantar da yunwar iska, kodayake kafin dangi su yarda ba maganin gaggauta ajali ba ne sai bakinki ya bushe. Injin oksijin gidaje kaɗan ne suke da shi. Sai turmi, wannan kowane gida akwai: a kife shi, a ɗora matashi, mara lafiya ya zauna ya jingina gaba ya rungume shi.

Sai maficin da kuke wa dariya. Ba fifitar wuta ake yi da shi ba. Za ki zauna ƙasa da mutum, kada ki tsaya masa a ka. Iskar ta riƙa sauka a kumatu da gefen hanci. Da farko ki bi saurin hakinsa, sannan ki riƙa rage hannu a hankali yadda ba zai lura ba, sai ki ga ƙirjin yana bin hannunki. Kina yi kina nuna masa ya tsuke baki ya fitar da numfashi kamar mai hura koko mai zafi. Idan kika firgita, hannunki ne zai fara tona ki, shi kuma nan take ya sani.

Amma duk kayan nan ba su ne wahalar ba. Wahalar ita ce dangi, kuma saboda ƙauna suke yi, shi ya sa faɗan ke da wuya. Mu a wurinmu mara lafiya sanyi ake tsorar masa, sai a toshe taga da tsumma a kawo kaskon garwashi. Ɗakin jinya yana wari, sai a zuba turaren wuta. 'Yan dubiya kuwa ba a korarsu, sai mutum ya cika ɗaki har bakin ƙofa, kowa yana sannu yana jiran a amsa masa. Mai ciwon ƙafa duk wannan gata ne a wurinsa. Mai ciwon huhu shaƙe shi ake yi. Na yi baƙin jini a gidaje da yawa a kan kasko, har akwai inda ake ce mini Kulu Mai Korar Baƙi, ina kuma amsawa.

Inna Dije mai ƙuli-ƙuli na fara zuwa wurinta a wata unguwa tsakanin Karare da Ruma. Tun tana amarya take suyar gyaɗa da tuyar ƙuli a ɗan madafi mai baƙin rufi, har man gyaɗarta ya yi suna a kasuwannin yankin. Ranar da na shiga na tarar da ita zaune a tabarma tana fuskantar ƙofa, siririya, kafaɗunta a ɗage, leɓenta ya yi duhu. Ɗanta Lawal, manomi mai iyali, shi ya sayar da bijiminsa ya saya mata injin oksijin da ƙaramin janareta. Ya ce mini rabonta da kwanciya an yi shekaru, a zaune take barci. Na kife turminta na dakan ƙuli na ɗora matashi. Ta rungume shi, ta ja numfashi, ta harare ni ta ce, "Turmin nan shi ya cinye ni, yanzu kuma shi za ya riƙe ni?" Na ce ai bashi zai biya. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, daga ranar muka ƙulla.

Wata rana ta jira surukarta ta fita ɗiban ruwa, ta kama hannuna. Maganarta guntu-guntu take fita, tana tsayawa ta nemi iska. Ta ce akwai lokacin da numfashi ya ɗauke mata, maƙwabta suka ɗauka tafiya ce ta zo, sai suka yi mata abin da ake yi wa kowane Musulmi: suka kwantar da ita a gefen dama tana duban alƙibla. "Ina jin su suna salati bisa kaina, ɗiyata, ni ko nutsewa nake kamar an tura ni rijiya. Ina son in ce ku tashe ni, babu iskar da zan faɗa da ita." Allah Ya sa Lawal ya shigo ya ɗaga ta. Ta matse hannuna ta ce, "Ba mutuwa nake tsoro ba. Tsorona in tahi ina kokawa, bakina bai samu yin shahada ba. Ran da ta zo, kada ki bari su kwantar da ni." Na ce na yi alƙawari. A raina na san alƙawarin ya fi ƙarfin bakina, don ba a gidan nake kwana ba.

Sai ga shekarar nan da ba na son tunawa, wadda aka yanke layin waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, aka hana sayar da fetur a jarka. An yi ne don a matse na cikin daji, amma janaretan Inna Dije ma da jarka yake sha. Injin oksijin ya koma abin ɗora kwano. Babu wanda zai kira ni idan jiki ya rikice, babu wanda zan kira in tambaya ko hanya lafiya. Ranar zagaye kawai nake hawa babur da bismilla, duk wanda muka haɗu da shi a hanya mu tsaya mu tambaye shi me ya gani a baya. Cikin 'yan watanni Inna Dije ta zube, ko juyawa gabas don salla ba ta iya yi, sai ta yi a inda take.

Ranar da nake son ba ku labarinta, bayan azahar muka isa. Tun daga nesa na ga abin ba daidai ba: ana kora awaki, mata na ɗaure ƙullin kaya, ga akori-kura tsaye a bakin masallaci ana loda mutane. Labari ya zo cewa an ga baburan 'yan bindiga da yawa sun fito daga daji ta wajen Ruma. Ɗan acaɓan da ya kawo ni ko kashe mashin bai yi ba. Ya ce, "Malama, hau mu koma." Na ce ya ba ni ɗan lokaci in leƙa. Ya ce shi ma yana da 'ya'ya, ya juya. Ban ga laifinsa ba.

Ɗakin Inna Dije na tarar da shi cike da mata masu bankwana, hayaƙin turare har ba a ganin bango. Na ɗauki kaskon na fitar da shi tsakar gida, na ce kowa ta fita, ban tsaya lallashi ba ranar. Da hayaƙi ya lafa na gan ta. Ta rungume turmi, goshinta ya jiƙe da gumi, wuyanta yana lotsawa duk zuƙa, farcenta ya yi shuɗi. Na maƙala mata abin yatsa, ya ƙi nuna komai, hannun ya yi sanyi. Na ɗiga mata mofin, na zauna ƙasa na fara fifita. Ta buɗe ido ta gan ni, ta ɗaga yatsa ɗaya. Na ce, "Ina sane da alƙawarinmu, Inna."

Lawal ya shigo a guje. "Malama, taimaka mu ɗauke ta. Na shimfiɗa katifa a bayan mota."

Na ce, "A kwance za ta tafi?"

"To ya za a yi? Gaba ma an cika da masu goyo."

"Lawal, ko a gaban aka sa ta, ba za ta kai Karare ba. Inna tafiya take yi, yau ne. Abin da ya rage shi ne a ina, kuma ta yaya."

Ya dube ni kamar zai mare ni. "In bar uwata su zo su same ta?"

Na ce ya tambaye ta, ai tana ji. Ya durƙusa ya ce, "Inna, mu tahi Batsari." Ta girgiza kai, ta daki turmin da tafin hannu. Waje direba yana ta matsa ham yana ihu, "Wanda za ya tahi shi hito!" Lawal ya tsaya tsakanin ƙofa da uwarsa. Can ya fita ya ɗora matarsa da yara, ya dawo ya ce mini, "Saura wuri ɗaya. Ke baƙuwa ce, je ki." Ba zan yi muku ƙarya ba, tsoro ya kama ni, ni ma ina da gida. Amma hannuna yana kan mafici, ƙirjinta ya fara bin hannun, na san ina dainawa za ta koma kokawa. Na ce su tafi. Muna ji motar ta tashi, unguwa ta yi tsit, sai kukan kaji.

Ana haka sai ga sallamar Malam Ɗahiru, yayan Inna Dije, dattijo mai farin gemu da ke jan salla a masallacin unguwar. Shi ma ya ƙi hawa motar saboda ƙanwarsa. Ya dube ta sau ɗaya ya gane, don ya ga tafiyar mutane fiye da yadda na gani. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Lawal, kama ta. Ɗiyata, kauce, a kwantar da ita ta dubi alƙibla."

Na ce, "Baba Malam, ka yi haƙuri, ba za a kwantar da ita ba."

"Mi kika ce?"

"Idan bayanta ko gefenta ya taɓa ƙasa, numfashin zai toshe."

"Numfashin ai tahiya shike yi ko an kwantar ko ba a kwantar ba. Dubi yadda take, ta ba alƙibla baya! Uwarmu ni na kwantar da ita, ubanmu ni na kwantar da shi. Dije ce zan bari ta cika tana duban ƙofa kamar mai jiran ciniki?"

Na ga ba iko yake nunawa ba, gata na ƙarshe yake son yi wa ƙanwarsa. Lawal ya sa hannu a kafaɗarta, don ba ya iya musu da kawunsa. Inna Dije ta ji hannun. Idonta ya fito, ta ƙanƙame turmin, hakin da na sha wuya na kwantar ya dawo sabo, maƙogwaronta yana ƙara. A daidai lokacin muka ji harbi daga nesa, ta wajen gonaki, aka yi shiru, aka sake.

Ban tashi ba, ban kuma daina fifita ba. Na matsa na sa gwiwata a gefenta yadda ba za a karkatar da ita ba sai an ture ni. Na ce, "Baba Malam, ni ba malama ba ce a wannan fage, kai ne. Amana ta ba ni. Ta ce ranar da aka kwantar da ita tana jin salatinku amma ba ta iya amsawa. So take ta yi shahada da bakinta. A kwance ba za ta iya ba, a zaune wataƙila ta iya. Yadda ka ce haka za a yi, amma ka dube ta tukuna."

Ya sunkuya ya ce, "Dije, haka ne?" Ta saki turmin da hannu ɗaya ta kama bakin rigarsa. Ya daɗe yana dubanta. Aka sake harbi, wannan karon ya fi kusa, Lawal ya waiga ƙofa. Sai Malam Ɗahiru ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, "Sallarta ma a zaune take yi shekara da shekaru, ni na ce mata ya halatta." Ya miƙe ya ce, "Lawal, sake ta. Kama bakin tabarma."

Haka suka yi. Shi ya kama gefe, Lawal ya kama gefe, ni na tallafe ta da turmin, suka ja tabarmar a hankali tana juyawa da ita a zaune har fuskarta ta dubi gabas. Gabas ɗin bango ne, ba ƙofa ba taga. Iskar ƙofa da take samu ta koma bayanta, ba ta da sauran wata sai ta maficina. Na zagaya na tsuguna tsakaninta da bango ta gefe, don kada in tare mata alƙibla, na ci gaba. Damtsena ya mutu, na canza hannu, ya mutu, na sake canzawa. Na bi saurinta, na riƙa ragewa, ta ƙi, na sake bi, na sake ragewa. Sannu a hankali kafaɗun suka sauka.

Malam Ɗahiru ya zauna daf da kunnenta ya fara laƙƙana mata kalma. Na ce masa ya raba ta biyu, ya jira sai tana fitar da numfashi. Ya ce, "La ilaha," ya dakata. Ta zuƙa, ta tsuke baki yadda na koya mata, muka ji ta fito siririya, "La ilaha." Ya jira. Ta zuƙa, ta daɗe, har na ɗauka shi ke nan. Ya ce, "Illallah." Ta ce, "Illallah." Lawal ya toshe bakinsa da hula. Bayan wannan ba ta ƙara magana ba, ba ta kuma ƙara kokawa ba. Numfashin ya riƙa nisa da juna, kanta yana kan matashi, har wanda muka jira bai zo ba. Ban san lokacin da harbin ya daina ba. Na ci gaba da fifita sai da Malam ya dafa maficin.

Ya shafe mata ido, ya yi addu'a, sannan ya dube ni ya ce, "Yanzu fa, Malama?"

Na ce, "Yanzu ku kwantar da ita."

Suka zare turmin daga hannunta, suka kwantar da ita a gefen dama. Gwiwoyin sun saba da naɗewa, sai da na riƙa murza su kafin su miƙe. Lawal ya tsaya yana kallo, ya ce, "Rabon da in ga Inna kwance tun ba a haifi autana ba." A nan ne kuka ya ƙwace masa.

Mata duk sun tafi, ni da wata tsohuwa da ta ƙi barin ɗakinta muka yi mata wanka. Mazan da suka rage suka sallace ta suka rufe ta kafin rana ta faɗi, sannan muka bi hanyar ƙafa ta cikin dawa zuwa Karare. Ranar 'yan bindigar ba su shigo unguwar ba, wata unguwar suka faɗa wa, Allah Ya jiƙan waɗanda abin ya rutsa da su. Kwana biyu ban iya ɗaga hannu in ɗaura ɗankwali ba.

Wadda ta ce a haɗa ta da ni, an haɗa ta, na riga na gaya wa shugaban asibiti. Sauran ma duk ku zo da safe. Kowace ta taho da biro, tsintsiya akwai a nan.